Shuɗin Mai da Hannun Ospan

A ƙauyen Akkuduk babu wanda bai san hannun Ospan ba, wasu da ji, wasu da jikinsu. Hannun nan ya karya hancin mai awon hatsi da ya danne sikeli da ƙafa, ya zubar da haƙoran ɓarawon doki a tsakiyar kasuwa, ya kuma taɓa durƙusar da ingarman da ya cije shi da naushi a tsakanin kunnuwa. Manomi ne mai gaskiya, ba ya cin na kowa, sai dai zuciyarsa a bakin maƙogwaro take zaune. Mutum ɗaya tak hannun bai taɓa sauka a kansa ba, shi ne Darmen, ɗan ƙanwarsa Ulbolsin.

Ba don Darmen ya fi kowa kirki ba ne. Ɗan 'yar'uwa, wanda muke ce wa jiyen, idan ya shiga gidan kawunsa, abin da idonsa ya so shi zai ɗauka, ba a hana shi, ba a bin sa a karɓe. Haka kakanni suka bar mana. Sun kuma ce duk wanda ya daki jiyen, hannunsa zai yi ta rawa har ranar da za a naɗe shi a likkafani. Darmen ya kama ɗan doki a garken Ospan yana yaro, ya ɗauki sirdi mai azurfa da ya zama saurayi. Duka biyun Ospan dariya ya yi, har da alfahari wai jiyen ɗinsa ya san abu mai kyau. Yanzu Darmen ya zama magidanci, direban babbar mota, ba a cika ganinsa a ƙauye ba sai da biki ko rasuwa.

Shekarar da abin ya faru ƙanƙara ta yi jinkirin narkewa, da ta narke kuma sai iska mai zafi ta taso daga kudu tana lashe danshin ƙasa. Alkama a wannan fili ba ruwan sama take jira ba, danshin nan take sha. Wanda bai zuba iri ba kafin ƙasa ta bushe, shekararsa ta tafi. Gonar da aka bari ba shuka kuwa, hukuma na iya karɓe ta ta ba wani, ko da kabarin uban mai ita yana bakin iyakarta, kamar yadda na uban Ospan yake.

Man dizal na shuka hukuma ke ba masu tarakta, ba haraji a kansa, an rina shi shuɗi don kada ya bi kwalta. Idan aka tsoma sanda a tankin motar haya ta fito shuɗiya, ba direba kaɗai ake kamawa ba, sai an bi sawu har gidan manomin da man ya fito, a ɗauke taraktarsa, a yanke masa rabo. Ospan ya karɓo nasa, ya jera durorin a rumfar bayan gida, ya ce gobe da asuba zai shiga gona.

Da hantsi ya je gidan Jaksilik ɗauko injin shukarsa da ya kai walda. Jaksilik sa'ansa ne, shekara ɗaya aka haife su, saboda haka shi kaɗai ne a duniya yake da izinin zagin Ospan ido da ido ya kwana lafiya. Siriri ne kamar kara, ba ya noma, dawaki yake kiwo, yana ɗan taɓa ƙarfe. Tare suka dawo a kan tarakta, yana ta tsokanarsa wai ya zo shan shayin matarsu.

Suka tarar da Rabiga, matar Ospan, tsaye a ƙofar gida, hannuwanta cikin gyale. Ƙofar rumfa a wangale. Inda durori suke babu komai sai zanen gindinsu a ƙasa da ɗigon shuɗi.

Ospan ya sauko a hankali. "Wa ya zo?"

Ta ce, "Jiyen ne, maigida. Ya yi sallama, ya zauna, ya sha shayi, ya gutsiri burodi. Sai ya ce ya zo ɗaukar haƙƙinsa. Na zaci rago yake so."

"Kika tsaya kina kallo."

"Me zan ce masa? In rufe wa ɗan Ulbolsin ƙofa? Da kai ne a gida za ka hana shi?"

Ospan ya juya ya kai wa ginshiƙin rumfar naushi, itacen ya tsage, kwanon rufi ya rufto gefe guda. Karen gidan da ya zo yana kaɗa wutsiya ya sha ƙafa a haƙarƙari, ya tafi yana kuka. Rabiga ta shige ciki ta ja ƙofa.

Jaksilik ya ce, "To, Bijimi, ka gama da rumfa da kare. Saura kaji."

"Rufe mini baki, tsinke."

"A kira 'yan sanda?"

"In ce musu me? Shuɗin maina yana yawo a kan hanya? Kafin su nemi ɓarawo taraktata za su fara ɗaurewa."

Jaksilik ya tsuguna ya shafi ɗigon da yatsa. Wani duro yana yoyo, ɗigon ya bi sawun taya, ya fita ƙauye ta hanyar shanu, bai nufi kwalta ba. Ya ce, "Tsohon garken gwamnati suka nufa, wajen Marlen."

Kowa ya san sana'ar Marlen. Yana tara shuɗin mai daga ƙauyuka, ya wanke shi da ruwan batir har launin ya fita, ya sayar wa direbobi a bakin hanya a matsayin fari. Injin wa ya ci, injin wa ya bari, ba ruwansa.

Ospan ya kwance injin shuka, ya ɗaura amalanke a bayan tarakta. Ɗan man da ya rage a tanki zai kai su ya dawo da su. Ya zare wani dogon ƙarfe mai kauri daga jikin garma ya ajiye a gefen kujera. Jaksilik ya soke bulalarsa a bel, irin mai dalma a baki da ake kashe kyarkeci da ita, ya hau amalanke yana cewa in an kashe Ospan shi zai gaji Rabiga da tukunyar shayinta.

Garken dogon gini ne da aka bari tun da gonar gwamnati ta watse, rabin rufin ya tafi, tantabaru sun mallaki sauran. Wari mai yankan hanci ya tare su tun daga ƙofa. Motar Darmen tana ciki, an sauke durori an jera su jikin bango. Darmen na tsaye a gabansu, alli a hannunsa, jarkoki a wofi a gindin ƙafarsa. Wasu ƙarti biyu suna jan tiyo. Marlen kuwa yana zaune a kan akwati, ƙaton mutum mai haƙorin zinare, bindigar farauta a kan cinyarsa.

Marlen ya ce, "Ospan-aga, babban yaya, sannu da zuwa. Da ka aiko da na sa an ɗora nama."

Ospan bai ko dube shi ba. "Darmen."

Darmen ya yi wani murmushi da bai kai ido ba. Da sunan da jiyen ke kiran kawunsa ya kira shi. "Nagashi, haƙƙina na ɗauka. Ban fasa kwaɗo ba, ta ƙofa na shiga."

"Doki ka ɗauka, na yi dariya. Sirdi ka ɗauka, na yi dariya. Wannan gonar kakanka ce ka ɗauko ka zuba a duro. Mayar da su mota."

"Kai fa ƙato ne, Nagashi, wani zai ara maka."

"Wa ke da man aro a makon shuka?"

Marlen ya tuntsire da dariya. "Aga, kada ka wahalar da bakinka. Ni ban taɓa satar ɗigon mai ba. Kowane ƙauye ina da jiyen. Ya shiga ta ƙofa, a ba shi shayi, ya fito da kaya. Kawu ba ya hanawa, ba ya duka, ba ya kai ƙara, don in ya kai kansa ya kai. Al'adarku ce ke yi mini lodi. Ka koma gida ka shuka addu'a."

Ƙarfen ya bar hannun Ospan kafin Marlen ya rufe baki. Bai same shi ba, ya daki akwatin, Marlen ya wuntsila baya yana ƙoƙarin ɗaga bindiga. Bulalar Jaksilik ta naɗe wuyan hannunsa, dalmar ta sauka a kan ƙashi, aka ji ƙas. Bindigar ta tashi sama, tantabaru suka watse, gashinsu da ƙurar rufi suka yi ta zubowa.

Ƙartin nan suka yi kan Ospan. Na farko ya sauke masa sifana a gefen kai, kunnen ya tsage, jini ya gangaro cikin kwalar riga. Ospan ya kama shi ta bel da wuya, ya ɗaga shi ya maka da bango, ya sake ɗagawa ya sake makawa har ƙafafunsa suka saki. Na biyu ya zo ta baya ya shaƙe shi da tiyo. Idanun Ospan suka firfito, ya ja baya da shi da ƙarfi suka faɗa kan jarkoki. Wata da ba a gama juyewa ba ta fashe, ruwan batir ya wanke wa mutumin cinya, wandonsa ya fara hayaƙi. Ya saki tiyon yana ihu, ya rarrafa waje yana neman kwatamin ruwa.

Marlen ya taso da wuƙa a hannun hagu. Ya yanki Jaksilik a damtse, bulala ta faɗi. Ospan ya iso, ya riƙe hannun wuƙar, ya murɗe shi har ya juya inda Allah bai halicce shi ya juya ba, sannan ya sa masa goshi a baki. Haƙorin zinaren ya faɗo ƙasa tare da 'yan'uwansa. Ya danne shi da gwiwa ya yi ta kirɓa har sai da Jaksilik ya rataya a wuyansa.

"Bijimi, ya isa. Gawa ba ta lodin duro. In ka kashe shi a kurkuku za ka yi shuka."

Ospan ya miƙe yana huci. Duk wannan abin Darmen yana manne da bango, bai taimaki Marlen ba, bai taimaki kawunsa ba, fuskarsa ta yi fari kamar allin da ke hannunsa.

Ospan ya buɗe duro ɗaya, ya tsoma kara, ya fito da shi shuɗi. Ya buɗe wani, shi ma shuɗi. Ya ce, "Ba su kai ga wankewa ba. Tsinke, jawo katako mu gangara su."

Ya kwantar da duron farko, wanda ke da zanen alli a murfinsa, ya fara mirgina shi zuwa amalanke. Sai Darmen ya bar bango da gudu, ya sha gabansa, ya dafa duron da hannu biyu.

"Nagashi, tsaya. Ban da wannan. Wannan kam..."

Daga ƙasa Marlen ya tofar da jini, ya ce cikin dariyar da ta haɗu da tari, "Ka gani? Ko yanzu shi ke da iko da kai. Dake shi mana, in ka isa."

Da Ospan ya ja numfashi ɗaya, da labarin nan ya bi wata hanya. Amma jini na cikin idonsa, kunnensa na ƙugi, abin da ya ji kawai shi ne har yanzu jiyen yana hana shi kayansa. Jaksilik ya buɗe baki zai yi magana, hannun ya riga shi. Naushin ya sami Darmen a muƙamuƙi. Ƙarar ba irin ta nama ba ce, irin ta busasshen reshe ce. Darmen ya faɗi a kan duron, bakinsa ya karkace gefe, ya kasa rufuwa.

Har Marlen ya daina dariya.

Jaksilik ya ce a hankali, ba wasa a muryarsa, "Ospan, ɗan Ulbolsin ne fa."

"Ɗauki katako."

Suka yi ta lodi. Darmen ya rarrafo, jini da yawu na zuba a ƙirjinsa, ya rungume duron yana wani gurnani da ba ya zama magana, yana buga murfin da tafin hannu. Ospan ya fizge shi ya jefar. Darmen ya sake rarrafowa ya kama wani duron, yana buga murfi, yana duban kawunsa. Ospan ya sa ƙafa ya ture shi.

"Ka ga kwaɗayi? Bakinsa a karye, hannunsa na kan kayan mutane."

Da suka gama Jaksilik ya ɗaure damtsensa da tsumma, ya cicciɓi Darmen ya sa shi a motarsa, ya ce shi zai tuƙa shi asibitin gunduma. Ospan ya koma gida shi kaɗai, durori na karo da juna a bayansa a kan hanyar shanu, suna girgiza abin da ke cikinsu.

Washegari gari na wayewa ya cika tanki daga duron da ya fi kusa da hannu, ya loda iri, ya shiga gona ta gefen kabarin ubansa. Ƙasa na da sauran danshi, tana buɗewa baƙa a bayan injin shuka. Ya je ƙarshen gona ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, zuciyarsa ta fara sauka. Rana ta ɗaga sosai sai tarakta ta yi tari. Ta fitar da farin hayaƙi mai wari irin na garken jiya. Ya ƙara mata wuta, ta yi kakari kamar rago a hannun mahauci, ta girgiza, ta mutu a tsakiyar kunya.

Ya tayar, ta ƙi. Ya sauko ya yi ta dukan murfin injin da ƙafa har ya lotsa. Nan Jaksilik ya same shi, ya zo a kan doki, ƙanwar Ospan, Ulbolsin, tana biye da shi a ƙasa, ta ƙi hawa.

Jaksilik ya kwance famfon mai ya duba. Cikinsa ya ci ya yi ramuka, ƙarfen ya yi baƙi. Ya je wajen amalanke, ya dubi murfin duron da aka buɗe, ya ga zanen alli. Ya tsoma waya har ƙasan duron, ya jima, ya fito da ita bakinta na kumfa. Ya tsoma a wani da ba shi da alli, ta fito lafiya.

Ya ce, "Masu allin an riga an zuba musu ruwan batir. Sai ya kwanta launin ke fita, shi ya sa ka gan shi shuɗi. Marasa allin lafiyarsu ƙalau, sun ma fi yawa. Da da su ka fara, da ka shuka fiye da rabin gonar nan."

Ospan ya tsaya yana duban murfin.

Ulbolsin ta matso. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Aga, an ɗaure masa baki da waya, likita ya ce ko ya warke ba zai tauna nama ba. Tun jiya yake zana alama a tafin hannunsa yana nuna mini hanyar gona, ban gane ba sai da Jaksilik ya gane. Ɓarawo ne, ban ce ba ɓarawo ba ne. Na haifi abin kunya. Amma lokacin da ka dake shi, taraktarka yake ƙoƙarin ceta."

"Shi ya kawo mu nan."

"Shi ya kawo ku bakin rami. Kai ka tura." Ta gyara gyalenta. "Ba zan sake taka gidanka ba. In na mutu kada ka ɗauki gawata."

Ta juya ta bi kunya ta tafi.

Famfo irin na wannan tsohuwar tarakta sai birni, kuma a makon shuka ko a birnin sai an yi jira. Jaksilik ya zaga ƙauye neman tarakta ta aro. Kowa na cikin tasa gonar, wannan gaskiya ne. Amma a Akkuduk an saba, wanda injinsa ya mutu, maƙwabta kan gama nasu su taru su shuka masa. A wannan karon duk ƙofar da Jaksilik ya buga, sai mai gida ya dubi ƙasa ya ce ya ji abin da ya sami ɗan Ulbolsin. Ya dawo da yamma ya faɗa wa Ospan haka, bai saka ko wasa ɗaya a ciki ba.

Ospan ya ce zai gyara famfon da kansa. Ya ɗauki sifana ya kai kan noti, bakin sifanar ya yi ta ƙwanƙwasar ƙarfe, ya kasa zama. Ya riƙe wuyan hannun da hagunsa, ya sake gwadawa, sifanar ta faɗi cikin ƙasa. Wasu sun ce ƙashi ne ya tsage a bayan hannun lokacin naushin. Tsofaffi kuwa maganar kakanni suka tuna.

Iskar kudu ba ta tsaya ba. Kashegari saman ƙasa ya fara yin fari. Durori marasa alli suna jere a kan amalanke, cike da mai lafiyayye, ba injin da zai sha.

Da hantsi Rabiga ta kawo shayi gona. Ta hango shi can nesa da tarakta, buhun iri rataye a wuyansa, yana tafiya a kan gonar da mahayin doki ma sai ya gaji kafin ya ga ƙarshenta. Yana cusa hannun dama a buhu, kafin ya kai ga watsawa rabin alkamar ta zube a kan takalminsa. Hankaki suna biye da shi suna tsincewa. Ta kira shi, bai waiwayo ba. Ta ajiye butar a bakin kabarin surukinta, ta kwance gyalenta ta cika shi da iri, ta shiga kunyar da ke kusa da tasa.